Tunkiya a Cikin Hula

Duk wanda ya san Hure a ƙauyenmu na Tsamiyar Kaka, gabas da Ɗanbatta, da mai ƙuli ya san ta. Shekara talatin da ɗoriya tana soya gyaɗa, ta murje, ta sheƙe, a kai inji a markaɗo, ta juye a turmi tana juyawa da taɓarya, tana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso. Idan ta matse man ta kwashe, abin da ya rage a turmi shi ne tunkuza, da ita ake mulmula ƙuli-ƙuli. Ku riƙe wannan kalma, don za mu dawo kanta.

Ni ce Aina'u, ƙawarta tun muna aji uku a firamare. Allah ya yi ni mai baki, ya yi ta mai ciki. Abin da zan faɗa sau goma a bakin rijiya, Hure za ta haɗiye shi ta kora da ruwa. Shi ya sa yau ni ce nake ba da labarinta, ba ita ba, kuma ban nemi izininta ba, don na san ba za ta bayar ba.

A aji shida karatunmu ya tsaya, amma ita ba ta daina karatu ba. Akwai wani mai hayar littattafai a kasuwar Ɗanbatta, kusa da 'yan tabarmi, wanda duk ranar kasuwa sai ta karɓo biyu ta mayar da biyu. Tana karantawa tana tsaki. Ta ce mini, "Aina'u, kowane littafi gidan bene, kowace yarinya kuka take a cikin mota. Mu nan ba a soyayya ne? Ba a sata? Ba a dariya?" Na ce to ki rubuta naki mana. Na faɗa ne da gatse, ashe ta ajiye maganar.

Lokacin da mijinta Malam Sama'ilu ya rasu, ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita. A nan ta fara. Na shiga gaishe ta wata rana da hantsi, na tarar da ita a kan tabarma da littafin rubutu na 'yan makaranta, tana dariya ita kaɗai, hawaye na zuba. Na ce, "Hure, lafiya? Ko in kira mai ruƙiyya?" Ta ce in zauna in ji. Ban tashi ba sai da aka kira la'asar.

Labarin wata mata ce, Sadiƙa Mai Awo, bazawara mai auna hatsi a kasuwar wani ƙauye da ya yi kama da namu har ya ɓaci. Sadiƙa ba 'yar sanda ba ce, ba ta da ko keke, amma duk abin da ya ɓace a garin ita ke gano shi: wa ya musanya kwanon awo, wa ya kwance jakin mai unguwa ya ɗaure a ƙofar tsohuwar budurwarsa, wa ke shiga gonar liman yana yagar zogale. Akwai kuma Malam Kolo mai kanwa, Babarbare da ya daɗe a garin, wanda yake son Sadiƙa amma bakinsa ya kasa furtawa. Duk ranar da ya ɗauro babbar riga ya zo zai faɗa, sai wani ya rugo da ihun an yi sata, Sadiƙa ta zari mayafi ta bar shi tsaye yana gyaran murya. Littafi biyar Kolo yana gyaran murya.

Da kaka, idan aka zube gyaɗa a tsakar gidanta za a ɓare, mata kan cika gidan ba don gyaɗar ba. Hure tana karantawa, mu muna ɓara, muna faɗuwa da dariya. Akwai ranar da wata tsohuwa ta shaƙe da ƙwayar gyaɗa sai da aka bubbuga mata baya. Kowa yana neman kansa a cikin labarin, kowa kuma yana rantsuwa maƙwabcinsa ne aka sa. Ni dai na san mai tsegumin nan ta bakin rijiya ni ce, ban kuma yafe ba.

Wanda muka fi so shi ne na uku, Ɓarawon Tunkuza. An sace wa wata Hajiya tunkuza daga turmi, Sadiƙa ta zargi Mika'ilu dillali, wanda ya dunƙule ta ya cusa a cikin hularsa. Ba ta ce masa ɓarawo ba. Tare shi ta yi a tsakiyar rana, ta shiga gaisuwa: ina gajiya, ina iyali, yaya mai jiki, yaya amarya, yaya tumaki, yaya kakarka ta Gezawa. Yana amsawa, rana tana dukan hula, har mai ya fara gangarowa ta goshinsa yana ɗiga ta kan hanci. Sannan ta ce, "Malam Mika'ilu, wannan gumin naka a kwalba za a saye shi ko a gwangwani?"

A bangon kowane littafi takan rubuta da manyan baƙaƙe: NA HURE SAMA'ILU MAI ƘULI, ta ja layi biyu a ƙasa. Ba ta taɓa cewa tana son kuɗi ko yabo ba. Abu ɗaya ta taɓa faɗa mini, muna wanke turmi: "Ko sau ɗaya, Aina'u, in ga sunana da rubutun inji kafin in mutu." Ta faɗa a hankali, ta kuma yi saurin sako wata magana.

Yanzu sai in kawo Abdulrashid. Ni ina iya faɗin sunansa, don ba ni na haife shi ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma irin tarbiyyar da aka yi mana, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ana yaye shi ƙanin ubansa ya ɗauke shi zuwa Kano, a can ya girma, ya yi karatu, ya yi aure, ya kama haya a Rijiyar Zaki. Yana kiranta Yaya Hure. Ita kuma "wancan" take cewa, ko "mutumin Kano". Mutane suna yaba mata kunya. Ni da na san ta, na san duk ranar da aka ce yana tafe, tun asuba take ware ƙulin da ya fi soyuwa, ta ba ni in ba shi, in ce ni na saya masa.

Wata sallah ya zo ya tarar ana karatun Sadiƙa. Ya tsaya a zaure ya saurara, da aka watse ya kira ni gefe. Ya ce, "Inna Aina'u, waɗannan takardu gara za ta cinye su. Ki ce wa Yaya Hure ta ba ni in kai a buga a na'ura, a adana." Ni na kai saƙon. Ni na lallashe ta. Ni na ɗauko littattafan nan biyar da hannuna na sa masa a leda. Idan ana rabon alhaki, kasona ba kaɗan ba ne, kuma na sani.

Shekara ta zagayo shiru. Sai wata jikata da ke karanta littattafai a waya ta ce, "Kaka, ga irin labarin Inna Hure ana yayi a Kano." Ta karanta mini shafi biyu, na ji Kolo yana gyaran murya. Na ce ta karanta mini sunan marubuci. Ta ce Abdulrashid Sama'ilu Ɗanbatta. Kafin a jima an buga su a takarda, da hotonsa a baya, ya tallafe haɓa da hannu yana kallon nesa kamar mai tunanin duniya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ya zo da kansa, da turmin atamfa da kwafi ɗaya. Ina nan zaune. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Yaya Hure, ki fahimce ni. Sunan mace 'yar ƙauye ba ya sayar da littafi. Kuma ba mutuncin gidanmu ba ne a ce ke, da girmanki, kina rubuta soyayya. Sunan Baba ai yana jiki, duk ɗaya ne." Hure tana fuskantar bango, kamar yadda ta saba idan yana wuri. Ta ce mini, "Ki ce masa an gode." Na ce wallahi ba zan faɗa ba. Na bi shi har zaure na wanke shi tas, ya sunkuyar da kai yana "Allah ya huci zuciyarki, Inna," ya shiga mota ya tafi. Atamfar tana nan a ƙasan akwati har yau, ba a ɗinka ba.

Da muka buɗe kwafin, na uku ne. A bango an rubuta Ɓarawon Tunkiya, har da zanen tunkiya tana leƙe. Mai bugawa a na'ura ɗan birni ne, bai taɓa jin tunkuza ba, ya ɗauka 'yar ƙauye ce ta kasa rubuta tunkiya, sai ya bi littafin kaf ya gyara. Shi kuma marubucin namu, wanda bai taɓa tsayawa a kan turmin uwarsa ba, ko dai bai karanta ba, ko ya karanta bai ga aibu ba. Sai ga Mika'ilu dillali ya dunƙule tunkiya ya cusa a hula, ga mai yana gangaro masa. Hure ta karanta wurin sau biyu. Na zaci za ta yi kuka, sai ta yi dariya, irin wadda ba na son in sake ji. Ta ce, "Ko karantawa bai yi ba."

Mutanen birni kuwa suka ce ba a taɓa barkwanci irin wannan ba. Aka fara gayyatarsa gidan rediyo. Wata Asabar da rana ina tankaɗe, na ji shi a wani shirin marubuta, mai gabatarwa wata ce Zulaihatu. Ta ce, "Malam, masu sauraro suna mamakin yadda namiji ya san cikin mata haka. Amma ni tambayata, ta yaya tunkiya ta shiga hula? Kuma man daga ina?" Ya yi 'yar dariya ya ce wannan salo ne na adabi, masana suna kiransa kambamar zulaƙe. Na yar da rariya. Aka ba da lambar kira, na danna, Allah ya sa ta shiga. Na ce, "Sunana Aina'u daga Ɗanbatta. Tunkuza ce, ba tunkiya ba! Ku tambaye shi mene ne tunkuza!" Nan katin wayata ya ƙare. Sai na ji an sa talla a rediyo.

Da yamma Zulaihatu ta kira ni. Ta ce kakarta mai ƙuli ce a Gezawa, tun ranar da ta karanta wurin nan abin yake mata ƙaiƙayi. Bayan kwana uku ta shigo motar haya ta sauka a Ɗanbatta, ɗan acaɓa ya kawo ta ƙofar gidana. Yarinya ce mai natsuwa, ba ta kai talatin ba. Na ja ta zuwa gidan Hure ina tafe ina jin kamar an yi mini bushara. Na ce a raina, rana dubu ta ɓarawo, yau ta mai kaya ce.

Muka tarar da Hure a kan turmi, hannu duk mai. Aka gaisa, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa. Zulaihatu ta ce, "Inna, ni ba Sadiƙa ba ce, amma a wurinta na koyi bincike. Abu biyu na gani. Na farko tunkuza. Na biyu, a littafi biyar kowa yana da suna, har jakin mai unguwa, amma ɗan farin Sadiƙa ba shi da suna. Ba Sadiƙa kaɗai ke ɓoye shi ba, har mai ba da labarin 'wancan' yake cewa. Saurayi ɗan boko ba zai yi wannan kunyar ba. Uwa ce ta rubuta."

Ban taɓa ganin fuskar Hure kamar yadda na gan ta a lokacin ba. Ta saki taɓarya. Shekara nawa tana rubutu, yau ga wadda ta karanta ta har ƙasa, ta ga abin da mu da muke ɓarar gyaɗa ba mu lura da shi ba. Ta ce, "Kin lura da wannan, 'yar nan?" Suka shiga hirar Kolo, Zulaihatu tana tambaya ko zai taɓa furtawa, Hure tana dariya tana cewa ai Kolo sai addu'a. Na ce, "Akwai na shida! Yana cikin akwati, saura kaɗan ta gama. Ɗauko ki nuna mata, Hure." Ta harare ni, amma ba ta musa ba.

Sai Zulaihatu ta fito da waya ta ajiye a kan tabarma. Ta ce mako mai zuwa wata ƙungiyar marubuta za ta karrama Abdulrashid a Kano, kuma ita ba za ta iya fitar da zargi a rediyo da bakinta kawai ba. Ta ce, "Abu kaɗan nake so, Inna. Ki faɗi sunanki, ki ce ke kika rubuta, ki faɗi sunan wanda ya karɓi littattafan bai dawo da su ba. Shi ke nan. Sauran aikin nawa ne. In Allah ya yarda bugu na gaba da sunanki zai fito."

Ta danna wayar, ta fara ɗaukar murya. Hure ta dubi abin nan, ta daɗe tana dubansa. Kaji suna tsattsagar ɓawon gyaɗa a gefenmu. Na ce, "Faɗi mana! In ba za ki iya ba ni in faɗa." Ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, "'Yar nan, kashe abin nan tukuna." Zulaihatu ta kashe. Hure ta ce, "Shekararsa talatin da shida. Tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa faɗinsa ba. Ko a ɗaki ni kaɗai, sai dai in motsa baki. Yanzu kina so ranar farko da sunan nan zai fita daga bakina, ya fita a rediyo, duniya tana ji, a haɗe da sata?"

Zulaihatu ta ce to ba sai ta kama suna ba, ta ce dai ita ta rubuta. Hure ta ce, "In na ce ni ce, ai na ce shi ne. Yana da 'ya'ya a makaranta." Na ce, "Hure, shi ya ji kunyarki? Shi ya tuna ke uwa ce?" Ta ce, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, Aina'u." Na ce wannan hannun ya ruɓe har kafaɗa. Ta juya ga baƙuwar ta ce, "Kunna."

Zulaihatu ta kunna, fuskarta ta washe, ta ɗauka an shawo kanta. Hure ta matso da bakinta kusa da wayar, ta yi magana dalla-dalla kamar mai karatu a gaban malami. Ta ce, "Sunana Hure mai ƙuli. Ni ban rubuta komai ba. Abin da ke cikin littafi daidai ne, tunkiya ce. Tumakin garinmu ƙanana ne."

Na tashi na fita, don in na zauna zan faɗi abin da zai raba mu. Zulaihatu ta same ni a ƙofar gida tana share ido. Hure ta aiko mata da ƙuli cike da leda, ta ce a gaishe da kakarta idan tana raye. Aka karrama Abdulrashid a ranar da aka sa. An ce ya yi jawabi mai daɗi, har ya gode wa mahaifiyarsa da ta yi masa tarbiyya.

Mako biyu ban taka gidanta ba. Ranar kasuwa na je tasha, na ga wani fasinja ya sayi ƙuli a wurin matar da ke sarin ƙulin Hure, an ƙunshe masa a takarda mai layi-layi. Na gane rubutun tun daga nesa. Littafi na shida ne, ta yayyage shi tana ƙunshi da shi. Na bi mutumin nan har bakin mota na ce ya ci ƙulinsa ya ba ni takardar, ya dube ni kamar mahaukaciya, ya miƙo. Ranar na saye duk ƙunshin da ya rage a faranti. Na bi gidaje, na tsinci wasu a bola, wasu awaki sun riga ni. Shafi arba'in da ɗaya na haɗa, ba a jere ba, mai ya ratsa su har ana ganin hannu ta baya. Bangon ma na same shi, da sunanta da layinsa biyu.

Abdulrashid kuwa shekara uku ke nan yana yi wa masu karatu alkawarin na shida. Da ƙaramar sallah ya aiko a tambaye ni ko Yaya Hure tana da sauran takardu. Na ce a gaya masa ya je tashar Ɗanbatta ya sayi ƙuli.

Hure tana nan, tana ta juya turminta, gwiwa ta fara ba ta wahala. Mata sun daina taruwa ɓarar gyaɗa a gidanta, yanzu inji ke ɓarewa. Mun shirya, don ba ni da wata ƙawar, ita ma haka, amma ban daina jin haushinta ba, kuma ta sani. Ba ta ƙara karɓo littafin haya ba. Ko biro babu a ɗakinta.

A cikin shafukan da na tsinta akwai ɗaya da nake yawan dubawa. Kolo ya sa babbar riga, ya zo rumfar Sadiƙa, ya yi gyaran murya, kuma a karo na farko babu wanda ya rugo da ihu. Sadiƙa ta ajiye kwanon awo ta ce, "Ina jin ka, Malam Kolo." A nan shafin ya ƙare. Na bayansa yana cikin wata mota da ta tafi Kano ko Daura, ko cikin akuya.

Rannan na kasa daurewa. Tana toya ƙuli, ina mulmula mata, na ce, "Hure, don girman Allah, ni kaɗai, ba zan gaya wa kowa ba. Kolo ya faɗa ko bai faɗa ba?"

Ta juya ƙulin da ke cikin mai, ta tsame, ta zuba wani. Ta ce, "Ki tambayi mai littafin. Yana Rijiyar Zaki." Sannan ta ce in tura mata itacen nan, wuta tana mutuwa.